Jinka Biyar da Filin Yaya Kihaci

Ranar da ɗana Shigeto ya kawo mini maganar kwano, ina durƙushe gaban murhun babban gida ina gyara itace. Ya tsaya a kaina, ya yi gyaran murya kamar mai zuwa neman aure, sannan ya ce wai ya yi magana da wani kamfani a birni, suna da baƙin kwanon rufi wanda daga nesa ba ka bambanta shi da ciyawa.

Na ce, "Daga nesa. To mu a nesa muke kwana?"

Bai ji daɗi ba, ni ma ban faɗa don ya ji daɗi ba. Amma yaron yana da tasa gaskiyar. Jinkar babban gida ta gaji. Shekara talatin da ɗoriya tana ɗaukar dusar ƙanƙarar da ta fi mutum tsawo, gefen yamma ya lotsa, gansakuka ta yi kore shar a kansa, kuma da daminar bana sai da muka jera bokitai a benen sama muna yi wa baƙi murmushi kamar ba komai. Mai duba gine-gine ya zo ya ce ba za ta ƙara ɗaukar wani hunturun ba. In dusa ta sauka a kanta haka, azara za ta karye, gidan ya zauna. In kuwa babban gida ya zauna, masaukinmu ya ƙare, don a nan ake girki, a nan ake cin abinci, a nan baƙi ke zagaye wuta bayan sun fito daga wankan ruwan zafi.

Ni 'yar Hinokubo ce. Kada ku wahalar da kanku da neman garin, yana ƙarƙashin tafki. Ina amarya aka zo aka ce za a datse kogin, kwarinmu duka zai zama ruwa. Mutane suka fara ɗaure kaya, wannan ya nufi birnin bakin teku, wancan ya nufi wajen surukansa. Mijina Genzo mutum ne shiru-shiru, sai ka zauna da shi wuni guda ba ka ji kalma goma ba, amma in abu ya shiga kansa ko da gatari ba ka fitar da shi. Ya ce ƙasa dai ba ta ɗaukuwa, amma gida yana ɗaukuwa. Gidajenmu babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu, igiya ce da ɗanyun rassa suka riƙe su, abin da aka ɗaure kuwa ana iya kwance shi. Masu dam sun fasa sabuwar hanya ta kan dutse, kuma a kafaɗar dutsen akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri da maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda muke zuwa gasa jiki bayan girbi. Genzo ya bi gida gida yana cewa, maimakon ku ba ruwa, ku ba ni. Gida huɗu suka yarda, da namu biyar.

Kafin a cire ko da sanda ɗaya, ya ɗauki igiyar kara ya auna garin. Daga wannan ƙofa zuwa waccan ya yi ƙulli, daga waccan zuwa rijiya ya yi ƙulli. Mutane suna ta kuka da kwasar kaya, shi yana sunkuye a tsakar gari da igiya. Aka ce baƙin ciki ya taɓa masa kai. Da sanyi ya yi aka ja azarori a kan dusa da shanu har saman dutse, ya shimfiɗa igiyarsa, ya kafa kowane gida a mazauninsa, goshinsu duk yana fuskantar iskar da ke biyo kwari, don ranar safe ta busar da gefe ɗaya, ta yamma ta busar da ɗayan. Shi ya sa hanyar tsakar masaukinmu ta yi wata kwana a inda babu komai. A can ƙasa, a tsohon garin, bishiyar kanya ce a wurin. Shi ya sa kuma gidaje biyu suka juya wa juna baya, don kakanninsu sun yi rigima a kan ruwan ban shinkafa, Genzo ya ce ba shi zai sulhunta su ba. Baƙi kan tambaye ni dalilin kwanar, in ce musu su dai bi ta haka.

Mutum ɗaya ne ƙinsa ya yi wa Genzo ciwo, shi ne wansa, Yaya Kihaci, magajin gidansu na tsakiyar gari, kuma sarkin baibayar Hinokubo. Duk jinkar da ke garin shi ya ɗaure tulluwarta. Genzo ya je ya durƙusa masa, ina bayansa. Yaya ya ce gida ba tukunya ba ne da za a sauke daga wannan murhu a ɗora a wancan. Ya ce ba zai bar baƙon da bai san ubansa ba ya miƙe ƙafa a ɗakin da uwarsu ta cika. Daga ƙarshe ya rantse kansa ba zai taɓa matashi a otal ɗin ƙanensa ba muddin yana numfashi. Ko gayyar ƙarshe da garin ya yi mana ta baibaye gidajen nan biyar bai zo ba, mataimakinsa ne ya ja aikin. Ya zauna a kan tudu yana kallo har ruwa ya haɗiye gidan, sannan ya tafi birni.

Genzo kuwa, a tsakiyar masaukin, wurin da ya fi ko'ina kyau, inda kake hango tafki da duwatsu uku a jere, ya bar fili. Ya kwaso duwatsu daga rafi ya jera su daidai inda ginshiƙan gidan wansa za su zauna da an kawo shi. Masu ba da shawara sun zo sun ce a gina ɗakuna a wurin, ya ba su shayi ya sallame su. Kullum safiya yana share filin, da ya rasu na karɓi tsintsiyar. Abin dariyar shi ne baƙin birni sun ɗauka lambun duwatsu ne irin na gidajen ibada. Sai ka ga mutum da gilashinsa ya naɗe ƙafa a gabansa yana lumshe ido, wai yana tunani mai zurfi. Wata mujalla har ta buga hotonsa ta yabi hikimar wanda ya tsara shi. Na karanta wa hoton Genzo, na ce ka ji, ashe kai gwani ne ban sani ba.

Ƙananan jinkokin huɗu mun yi ta lallaɓa su, bana a gyara nan, baɗi a gyara can, da 'yan hannayen da muke da su. Babbar kuwa ba ta lallaɓuwa. Gidan mai garinmu ne a da, hawa uku, kuma dole a gama gefe guda cikin wuni guda kafin raɓa ta shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kuwa ko hannu hamsin ba su ɗaukarta. Sai gayya.

Gayyar Hinokubo tana da ƙa'idarta. Ba a biyan kowa. Ba a aika saƙo ko a buga waya, mai gida ne zai taka da ƙafarsa ya sa goshi a tabarma. Wanda kuma ya hau jinkarka, ranar tasa kai ma za ka hau. To ga inda gizo ke saƙar. Mutanenmu yanzu suna cikin benayen siminti, sama wani, ƙasa wani. Jinkar wa zan hau in rama? Kiran gayyar da ba za ka iya ramawa ba bara ce, an dai yi mata wanka ne. Ni Fusae kuwa ban taɓa bara ba, ko a shekarar da baƙi suka ɗauke ƙafa muka ci tafasasshen ganye har bazara. Shi ya sa shekara da shekaru ina kallon jinkar tana lotsawa, ina kau da kai.

Shigeto ya ce masu kwano suna son amsa kafin ganye ya gama zuba. Ya ce, "Inna, ba don na raina aikin Baba ba ne. Gara gida da kwano da a ce babu gidan."

Na kwana da maganar. Da safe na sa rigar fita, na hau motar farko zuwa birni. Tsakanin bara da kwano, na zaɓi bara.

Na fara da Tamayo, 'yar mai garin, ƙawata tun muna tsinkar ganye tare. Tana da shagon awara a wani lungu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce a'a, yau matar otal ce a shagon talakawa, ko hanya ta ɓace mata? Na haɗiye, na durƙusa a ɗan ɗakinta na baya, na faɗi abin da ake faɗa: jinkata ta tsufa, na zo da ƙafata. A garinmu ba a amsa gayya da "to". Wanda ya yarda tambaya yake yi, wane gefe, na safe ko na yamma? Tamayo ba ta tambaya ba. Ta goge hannu a zaninta ta ce, "Me Kihaci ya ce?" Gida na biyu haka, na uku haka. Mataimakin nan nasa ya daɗe da rasuwa, babu wanda ya rage da ya san ɗaurin tulluwa sai shi, kuma ba a taɓa jin ɗan Hinokubo ya taka tsani kafin sarkin baibaya ya soka basillarsa ba.

Rabona da shi tun jana'izar Genzo, wadda aka yi a gidan ibada na gindin dutse. Ya zo ya ƙona turare ya juya, ko ɗaga kai bai yi ya dubi sama ba. Yanzu yana hawa na huɗu a gidan ɗansa, ɗaki ɗaya da taga mai kallon bangon maƙwabta. Ya rame, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, yana zaune ya miƙe ta gefe. A saman ƙofa na ga basillar baibayarsa, ta itace, tsawonta ya kai na mutum. Tana sheƙi. Abin da aka yi shekara talatin ba a taɓa ba ba ya sheƙi haka, amma na yi kamar ban gani ba.

Na sa goshi a tabarma na faɗi maganar.

Can ya ce, "Amarya, kin tsufa."

Na ce, "Yaya ma bai koma yaro ba."

Ya yi wani ɗan tsaki. Na ce masa gara in faɗi gaskiya tun yanzu, gayyar nan ba ni da abin rama ta, ba shi da jinka, sauran ma ba su da ita, na san abin da ake kiran irin wannan zuwan, kuma na zo. Ina faɗa ban sunkuyar da ido ba. Ya juya kofin shayinsa ya ce, "Wutar fa?"

Ya san abin da yake tambaya. Jinka hayaƙi take ci. Shi ke kashe ƙwari, shi ke busar da ciyawa, shi ke mai da igiya kamar ƙarfe. Gidan da aka daina hura wa wuta, shekara kaɗan ya ruɓe. Baƙi sun sha yi mini ƙorafin warin hayaƙi a rigunansu, an sha ba ni shawarar in sa na'urar ɗumama ɗaki in huta.

Na ce, "Murhu biyar, kullum safiya, da baƙi da babu. Ba ta taɓa mutuwa ba."

Ya kurɓi shayi. Ina jira ya ce wane gefe. Sai ya dubi agogo ya ce kada motar ƙarshe ta bar ni. Na faɗa masa ranar da na sa, na yi sallama, na sauko matakalar nan ina riƙe da bango. A mota na yi kuka, na haushi, ba na tausayin kai ba. Na ce girman kai rawanin tsiya, tsoho ya zauna a kejin siminti yana shafa wa sanda mai.

Sauran ƙa'ida ɗaya, ita ce mai wuyar. 'Yan gayya ba sa zuwa su tarar da jinka da rigarta. Mai gida ne zai tuɓe gefen farko da kansa ana gobe aiki, don a san da gaske yake. Ma'ana in kware gidan, in bar shi tsirara, alhali babu mutum ɗaya da ya ce mini zai zo. Ga shi kan dutse mafi nisa ya riga ya yi fari da dusa.

Shigeto ya ce wannan ba jarumta ba ce, caca ce. Ya ce in aka tuɓe ba a zo ba, masu kwano ba za su iso cikin lokaci ba, ruwa ɗaya ya isa ya lalata bene uku. Duk gaskiya ne. Na ce masa ubanka ya kwance gida biyar ya hau dutse da su ba tare da baƙo ko ɗaya ya yi masa alkawarin zuwa ba. Ya ce Baba yana da shekara talatin a lokacin, kuma yana da gari a bayansa. Na ce to gobe za mu gani ko har yanzu akwai garin. Ya fita ya bar ni. Da na leƙa bayan ɗan lokaci sai na gan shi a kan tsani da lauje, shi ya fara yanke igiyar farko. Ɗan Genzo ne, bakinsa kawai ya ɗauko nawa.

Mu da masu girki da masu shara muka wuni muna zubar da tsohuwar ciyawa. Da yamma gefen yamma ya zama ƙasusuwa, baƙaƙen sanduna a jere, kana hango sama daga gaban murhu. Ciyawar baibaya kam muna da ita, kaka biyar muna yanka a gangaren bayan gida muna tarawa, ni ina cewa ta faci ce. Matar Shigeto ta tambaye ni shinkafar mutum nawa za a jiƙa. Na ce ta ɗari. Ta je ta jiƙa.

Da gari ya waye hanya fayau, babu ko kare. Hazo ya kwanta a kan tafki. Motar mai kawo mana kifi ta zo ta juya. Na hura murhu biyar ɗina kamar kullum, na ɗauki tsintsiya in je filin duwatsu, don hannuna ya sami abin yi. Sai na ji ana faɗa a bayan rumbun ciyawa.

"Wane wawa ne ya ɗaure wannan damin?"

Shigeto ya ce, "Ni ne, Baffa."

"Na ga alama."

Yaya Kihaci ne tsaye da tsofaffin kayan aikinsa, basillar a kafaɗa, warin kifi na tashi daga jikinsa don a bayan motar ya zauna. Bai gaishe ni ba. Filin duwatsun ma ya bi ta gefensa bai waiwaya ba. Ya ja ƙafarsa har gindin babban gida, ya sa a riƙe masa tsani, ya hau taki kaɗan, ya kama wata igiya da aka ɗaure tun zamanin Genzo. Ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya ja ta, ta ƙi motsi. Ya sa farce, farcen ya zame. Ya shinshina tafin hannunsa.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gefen yamma ke nan."

Ina nan tsaye da tsintsiya sai na ji ƙugin mota a kwanar ƙasa, babba, wata na bin ta, ƙanana na biye. Suka yi ta fitowa, tsofaffin da na sani da furfura, 'ya'yansu da na sani suna goye, jikoki da wandunan zamani waɗanda ba su taɓa taɓa ciyawa ba. Tamayo ce ta fara isowa gare ni da ƙaton kwandon awara. Ita ta gaya mini tun ranar da na bar gidansa tsohon yake yawo da gurguwar gwiwarsa, gida gida, unguwa unguwa, har garuruwan da ban san mutanenmu na can ba. Ya ce gayya da ƙafa ake kiranta, amaryar gidansu kuma ƙafa biyu kawai gare ta.

Na ce, "Tamayo, da me zan rama muku?"

Ta ajiye kwandon ta riƙe ƙugu. Ta ce ai wannan rashin kunyar tawa ce ta sa suka yi shekaru suna zagina. Duk kaka sai sun haɗu sun ce jinkar nan ta isa sauyi, yau za ta zo, gobe za ta zo. Ba a hawa jinkar da ba a gayyace ka ba, sai suka zauna suna jira, har suka yanke cewa matar otal ta yi arziki ta raina su. Ni ina can ina jin kunyar kira, su suna can suna jin haushin rashin kira.

Ta nuna babban gida da haɓa ta ce, "Jinkar wa kike cewa taki? A ƙarƙashinta aka yanke mini cibiya. Wa ya hura wutar ubana kullum safiya tun da muka watse? Ke kin daɗe da hawa tamu, Fusae. Matsa mini in wuce, awara na sanyi."

Wanda bai ga aikin ranar nan ba bai ga Hinokubo ba. Layi ya miƙe daga rumbu har tsani, dami na tafiya hannu zuwa hannu bai taɓa ƙasa ba. Maza suka jeru a kan gangaren jinka kamar tsuntsaye a reshe. Na waje ya soka basilla, na ciki ya yi ihu, dama kaɗan, sama kaɗan, ya zura igiya, a ja, a taka da ƙafa, a ɗaure. Jikokin da suka zo da fararen takalma kafin hantsi sun koma baƙaƙe, haƙora kawai kake gani. Zuriyar gidajen nan biyu masu gaba aka haɗa su a sanda ɗaya, suna ja suna gardamar wa ya fara tare ruwa. Har baƙinmu suka tuɓe rigunan wanka suka shiga layi, wani babban likita yana ta ɗaukar dami ana yi masa tsawa yana cewa to. Yaya Kihaci yana kan tsani a bakin jinka, babu wanda bai zaga ba. Ni kuwa ina tsakar gida ina dunƙula shinkafa, ina duban sama. Na ce a raina, ku kalla da kyau, mutanen birni, haka muke.

Kafin rana ta faɗi gefen yamma ya rufu, sabo, ruwan zuma, an aske bakinsa tas. Aka yi wanka a ruwan zafi, aka ci, aka sha giyar shinkafa, kowa ya nemi gidan da aka haife shi ko na maƙwabcinsa ya shimfiɗa. Yaya Kihaci ya ci abincinsa a tsaye a waje, ya sa Shigeto ya kai shi gidan ibada na gindin dutse ya kwana. Rantsuwa rantsuwa ce. Ban roƙe shi ba.

Washegari aka tuɓe gefen safe aka baibaye shi, hannu ya riga ya saba. Da la'asar sai tulluwa, aikin da ba mai yi sai shi. Aka ce a ɗaura masa igiya a ƙugu, ya ce a ɗaura wa uban mai maganar. Ya hau a hankali, yana jan ƙafar nan, matasa biyu na bayansa, har ya kai ƙololuwa ya hau ta kamar doki. Ya yi ɗaurinsa tun daga wannan goshi har wancan, kowa yana kallo. Da ya ja ƙullin ƙarshe aka ɗauki tafi da guɗa.

Shi bai sauko ba. Ya ɗago kai, ina jin a karo na farko tun zuwansa, ya dubi ƙasa. Daga tsakar gida ba ka ganin abin da Genzo ya yi, gidaje kawai kake gani. Daga can sama ne ake ganinsa duka: jinka biyar kowace a mazauninta, rijiya a inda take, hanya da kwanarta ta kanya, gidaje biyu sun juya wa juna baya, a tsakiya kuma fili shararre da duwatsu a jere, babu ko ganye ɗaya a kansa. Bayan su, can ƙasa, tafki. Ya daɗe a wurin har tafin ya mutu, mutane suka fara duban juna. Matasan suka miƙa masa hannu, ya ture.

Da ya sauko bai kula masu yi masa sannu ba. Ya ratsa su ya shiga filin, ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana taɓa su da ƙafa. A na kusurwar gabas ya tsaya. Idanunsa sun yi ja, ya ce kunkunniya ce, ko da yake ban tambaye shi ba.

Ya ce, "Amarya, mijinki ya yi kuskure. Wannan dutsen ya kauce. Ɗakin Inna ya fi haka faɗi."

Na ce, "Daga waje ya auna, Yaya. Ba a bar shi ya shiga da igiya ba."

Shigeto ya matso ya ce mota na jira, in za a sauka gara a sauka da sauran haske. Tsohon ya sa ƙafa ya tura dutsen, dutsen bai motsa ba, shekara talatin yana zaune a wurin.

Ya ce, "Wannan sai da safe, da sanda da mutum biyu." Ya dubi gidanmu, ƙaramin, wanda tagarsa ke kallon filin. "Wancan ɗakin akwai baƙo a ciki?"

Akwai, wasu mata da miji ne daga birni. Na ce babu. Na je da kaina na ba su haƙuri na mai da su babban gida, na ɗauko shimfiɗar Genzo da matashinsa daga inda na adana su, na kai su gaban murhu su sha ɗumi.